Yadda Malamin Zane Zai Kafa Wasan Kurket a Makarantarsa a Kano

A ƙasar Sukotlan, can arewacin Birtaniya, an daɗe da sanin wani irin mutum: daga Litinin zuwa Juma'a yana aji yana koya wa yara zane, ranar Asabar ya sa fararen kaya ya buga wa kulob ɗin garinsu kurket, in ya yi fice a kira shi tawagar ƙasa domin karawar shekara-shekara da Ailan. Shekaru masu yawa akasarin masu buga wa ƙasar ba da wasan suke ci ba. Malaman makaranta ne da ma'aikatan ofis, kowa da sana'arsa. A hannun irinsu wasan ya rayu tun daga karawar farko da aka rubuta labarinta a garin Alloa a 1785, har zuwa ranar 10 ga Yuni 2018, lokacin da Sukotlan ta tara maki 371 a filin Grange da ke Edinbara ta doke Ingila da tazarar maki 6, alhali Ingila ce ta ɗaya a duniya a wasan yini guda. Hatta wasan ƙwallon ƙafa na farko tsakanin ƙasa da ƙasa, wanda Sukotlan da Ingila suka tashi babu ci a 1872, a filin wani kulob ɗin kurket na Gilasgo aka buga shi.

Malamin zane a Kano yana da kusan duk abin da ake bukata don ya yi irin wannan aiki. Ya iya awo, ya iya ja layi, ya san katako da fenti, kuma an horar da idonsa ya ga inda kafaɗa ta karkace ko gwiwar hannu ta lanƙwashe. Kurket a matakin farko ba ya neman fiye da haka. Wasa ne da mai jifa ke jefa ƙwallo yana saitin turaku uku da aka kafa a ƙasa, mai bugu ya kare su da sanda, ya buga ƙwallon ya yi gudu ya ci maki. Ba baƙon wasa ba ne a ƙasar nan ma: tun 1904 Legas ta kara da ƙasar da ake kira Gana a yau, Najeriya ta shiga hukumar kurket ta duniya a 2002, samarinmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020, 'yan matanmu masu wannan shekaru kuma suka doke Niyu Zilan da maki 2 a Malesiya a Janairun 2025.

Lokaci da wuri

A Sukotlan daga Afrilu zuwa Satumba ake wasa, kuma ruwan sama ne babban abokin gabarsu. A Kano sai a juya lissafin. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke ƙasa na da sauran danshi, zuwa ƙarshen Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka in za a yi sai da sanyin safiya ko bayan la'asar, da ruwan sha a gefen fili. Yawancin yara suna Islamiyya da yamma, saboda haka yammacin Alhamis da na Juma'a su ne ranakun da ba za ka shiga haƙƙin wani malami ba. Ka nemi izinin shugaban makaranta a rubuce tun kafin ka buga ƙusa ɗaya a fili.

Filin ƙwallon makaranta ya isa. Abu ɗaya ne ba a sassauci a kansa: zirin tsakiya da ake jifa da bugu a kai, wanda za mu riƙa kira fage, ya miƙe daga kudu zuwa arewa. In ka shimfiɗa shi gabas da yamma, da la'asar sakaliya mai bugu zai fuskanci rana ido da ido, ƙwallo ta taho bai gan ta ba.

Gyaran fage

A nan aka fi yin asarar yara. Fage mai rami da tsakuwa yana sa ƙwallo ta yi tsalle yadda ta ga dama, ta daki yaro a haƙarƙari sau biyu, daga nan ya fara ja da baya duk lokacin da aka jefo masa, kuma wannan tsoron yana da wuyar cirewa. Don haka kwana ukun da za ka ɓata a kan ƙasa sun fi wata guda na koyar da bugu.

Fagen manya tsawonsa yadi 22, wato mita 20.12, faɗinsa ƙafa 10, wato mita 3.05. Yadin nan shi ne dai na Kantin Kwari, inci 36. Yara ba sa iya kai ƙwallo wannan nisa ba tare da sun lanƙwasa hannu sun wurga ba, saboda haka a rage musu: yadi 15 ga 'yan shekara 9, yadi 17 ko 18 ga 'yan 10 zuwa 12, yadi 19 ga 'yan 13. In kuɗi da ƙarfi sun yi kaɗan, a riƙa jifa daga ɓangare ɗaya kawai, a gyara mita 10 da ke gaban mai bugu, inda ƙwallo ke sauka.

A fara da shara. A tsince tsakuwa da fasassun kwalabe, a tuge tsidau da ƙarangiya daga saiwa, a fagen da ma filin gaba ɗaya, don yaron da ƙaya ta soka a tafin hannu ba zai sake miƙa hannu ya tare ƙwallo a ƙasa ba. A kafta saman da fartanya kamar zurfin santimita 8. Ƙasar wurare da yawa a Kano rairayi ya yi mata yawa, ba ta kama jikinta, don haka a haɗa ta da yumɓu ko ƙasar suri da aka daka aka tankaɗe. Ƙasar suri an daɗe ana yin fagen wasa da ita a Afirka saboda tana daskarewa ta yi tauri. A baje, a ja doguwar fallen katako a kai don a gane tudu da kwari. Sannan a yayyafa ruwa. Cikakken fage murabba'in mita 61 ne, kuma lita 5 a kowane murabba'i na nufin kusan lita 300, jarka 12 masu cin lita 25, abin da mai kura zai kawo a sahu ɗaya ko biyu. A yayyafa da yamma a bar shi ya kwana.

Da safe ka danna babban yatsa. In ya nutse ya fito da taɓo, da saura. In ya bar 'yar alama kawai yatsan ya fito da tsabta, lokacin daɓe ya yi. Daɓen da iyayenmu mata ke yi wa tsakar ɗaki da madaɓi shi ne ainihin abin da ake so, a bi layi-layi daga wannan kai zuwa wancan. In akwai bututun kwalbati ko faffaɗan bututu da aka cika da kankare, a gangara shi a kai sau da yawa. Durom mai lita 200 cike da ruwa yana da nauyin da ake so, amma ƙusoshin jikinsa da suka kumbura suna barin sawu, sai an bi da madaɓi an share. A maimaita ruwa da daɓe kwana uku. In aka daɓe ƙasa tana jiƙe sharkaf za ta tsage idan ta bushe. In aka daɓe ta a bushe, saman ne kawai zai yi santsi ya koma gari bayan jifa ashirin. Gwajin ƙarshe: ka saki ƙwallo daga daidai kafaɗarka a wurare shida daban-daban. Duk inda tsallenta ya bambanta da na sauran, a sake wurin. Kuma a roƙi 'yan ƙwallon ƙafa kada su hau fagen da takalma masu ƙusa in an ba shi ruwa.

Jan layuka

Wannan aikin malamin zane ne tsantsa. Kayan aiki: tef ɗin awo mai mita 30, igiyar magina, ƙusoshi masu inci 6 guda goma sha biyu, guduma, buroshi mai inci 1, da farar ƙasa da aka dama da ruwa aka ɗan zuba narkakken ƙaro don ta kama. Ragowar farin fentin bango da aka tsinka da ruwa ma yana yi. Kada a yi amfani da ɗanyar hodar laim ta magina mai ƙuna, yana cin fata, in ya shiga ido kuma abin ya yi muni.

Ka buga ƙusa biyu a tsakiyar fage, tsakaninsu tsawon da ka zaɓa, ka ɗaure igiya ta miƙe tsaf. Kowace ƙusa ita ce mazaunin turken tsakiya. A kan kowace ƙusa za ka ja layin turaku, wanda ya gitta igiyar, tsawonsa mita 2.64, wato 1.32 dama 1.32 hagu. Don gittawar ta zama kusurwa madaidaiciya, yi lissafin magina na 3, 4, 5: auna mita 1.2 a kan igiyar tsakiya, santimita 90 a kan layin da ya gitta, in tsakanin alamomin biyu ya ba da mita 1.5 daidai, kusurwa ta tsaya. A gaban layin turaku da mita 1.22, ƙafa 4 ke nan, sai layin mai bugu, wanda za a ja aƙalla mita 1.83 kowane gefe daga tsakiya. Sai layukan gefe biyu a kowane kai, suna tafiya daidai da igiyar tsakiya a nisan mita 1.32 daga gare ta, daga layin mai bugu zuwa baya mita 2.44. Kafin ka taɓa fenti, auna daga ƙuryar layin turaku na kudu zuwa kishiyar ƙurya ta arewa, ka sake auna ɗaya gicciyen. A cikakken fage kowanne zai ba da kusan mita 20.29. In sun saɓa, fagen ya murɗe, a sake.

Ga inda masu sabon hannu ke kuskure. A dokar kurket, wadda kulob ɗin MCC na Landan ke riƙe da ita, layin mai bugu shi ne gefen fentin da ke kusa da turaku, ba tsakiyar fentin ba. Saboda haka igiya tana kan mita 1.22, fenti kuma ya kwanta a gabanta, ta wajen ɗaya kan fagen. Mai bugu da sandarsa ke kan farin fenti bai shiga gida ba, sai wani ɓangare na sandar ko ƙafarsa ya taɓa ƙasa a bayan fentin. Ka koya wa yara wannan tun ranar farko, zai rage maka gardama.

Iyakar fili kuwa, ka kafa ƙusa a tsakiyar fage, ka ɗaura igiya mai mita 30 zuwa 40, yaro ya riƙe bakinta ya zagaya kamar kamfas, wani na binsa yana zuba toka. A wasannin ƙasa da ƙasa na maza iyaka ba ta gaza mita 59.43, amma yaron da bai taɓa kai ƙwallo iyaka ba ba ya jin daɗin wasan, don haka a matso da ita.

Turaku, sanda da ƙwallo

Turaku uku ne a kowane kai, tsayinsu daga ƙasa inci 28, wato santimita 71.12, faɗin ukun a jere inci 9, wato santimita 22.86, kaurin kowanne santimita 3.5 zuwa 3.8. A samansu ake ɗora 'yan ƙirare biyu, kowanne kusan santimita 11, a cikin ɗan kwarmin da aka sassaƙa. Ƙasar rani ba ta karɓar turke, in ka dage da guduma kansa zai fashe. Mafita ita ce a yi musu gindi: katako mai kauri inci 2, tsawo santimita 35, a huda ramuka uku a cusa bututun roba na ruwa mai milimita 32, irin na kasuwar Ƙofar Ruwa. Sai dai a lura da lissafi. In ka jera wannan bututu a faɗin manya, gibin da ke tsakani zai kai santimita 6.6, ƙwallon tanis kuwa kaurinta bai fi haka da komai ba, tana iya kutsawa ta wuce turaku na tsaye. A matse faɗin zuwa inci 8, gibin ya koma kusan santimita 5.4. A shafa musu fari ko ruwan ɗorawa.

Sandar bugu ta gaske, wadda 'yan wasa ke ce wa bat, da icen wata bishiya da ake kira wilo ake yin allonta, mariƙinta kuma da gora mai lanƙwasa da aka tsarga da roba. Doka ta ce kada ta wuce santimita 96.52 a tsawo da 10.8 a faɗi. Don ƙwallo mai laushi, kafinta zai fitar maka da ita daga falle ɗaya na malaina, wanda ake samu a 'Yan Katako na Na'ibawa. Ba shi da nauyi kuma ba ya saurin tsagewa. Maɗaci ya yi wa yaro nauyi. Ka zana masa siffar a kwali da girmanta na ainihi, kada ka bar shi da kwatance. Yaro mai tsayin santimita 145 zuwa 150 sanda mai santimita 75 ce tasa, mai 157 zuwa 163 kuma mai 80. Hanya mai sauƙi: a tsayar da sandar a gefen ƙafarsa, kan mariƙin ya tsaya a saman cinya. Faɗin allo santimita 9 zuwa 10, kauri 3 zuwa 4 a ƙasa inda ƙwallo ke dukan sa, ya riƙa sirancewa zuwa sama, mariƙi santimita 26. Wuri ɗaya irin wannan sanda ke karyewa, wato kafaɗa, inda allo ya haɗu da mariƙi. Dalili biyu ne: ko jijiyar katakon ta gitta maimakon ta bi tsawon sandar, ko kafinta ya yanke kafaɗar da kusurwa mai kaifi. A zaɓi fallen da jijiyarsa ta miƙe babu gaɓa, a kuma zagaye kafaɗar kamar wuyan tulu. A goge da samfefa, a naɗe mariƙin da tsohuwar robar cikin tayar keke.

In Allah ya kawo sandar wilo ta gaske, iskar hunturu ce maƙiyinta, tana busar da ita ta tsage. Maganin yana cikin akwatin mai zanen fenti: ɗanyen man linsid. Cokalin shayi ɗaya a shafa a fuska da gefuna da ƙasan sandar, ban da inda mariƙi ya shiga allo don mai na sassauta gam, a kwantar da ita kwana ɗaya, a sake sau ɗaya. Man gyaɗa ko na inji ba sa maye gurbinsa, mai da yawa kuma yana kashe sandar ta daina tura ƙwallo. Bayan haka a bi fuskarta da gudumar katako ko tsohuwar ƙwallon fata, a hankali da farko, kusan awa 6 a rarrabe cikin kwanaki, har jijiyoyin saman su danne. Tsumman da aka shafa man da shi a shanya shi a buɗe, kada a dunƙule a jefa kwandon takardu, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa.

Ƙwallon fata ta maza nauyinta giram 155.9 zuwa 163, ta yara 133 zuwa 144, kuma tauri gare ta kamar dutse. Ba a fara wa yaro da ita. A yi abin da yaran Karachi a Pakistan suka ƙirƙiro: ƙwallon tanis, mai nauyin kusan giram 58, a naɗe ta da salatif ɗin masu gyaran wuta. A ɗan ja shi yayin naɗi, kowane zagaye ya hau rabin na baya, a riƙa sauya fuska har gashin ƙwallon ya ɓace. Naɗin yana ƙara mata nauyi da gudu, ya rage mata yawan tsalle. A zaɓi fari ko rawaya, domin jan salatif yana sajewa da jar ƙasa, balle ranar da hazo ya sauka. In an bar ta a rana gam ɗin zai narke ya kwashi yashi, saboda haka a ajiye a inuwa, a tanadi shida a kowane zama.

Koyar da jifa

Kowane yaron Kano ya iya jifa, amma irin na kaɗo mangwaro: a lanƙwasa gwiwar hannu a fizge. A kurket wannan laifi ne. Daga lokacin da hannu ya kai daidai kafaɗa har ya saki ƙwallo ba a yarda gwiwa ta miƙe daga lanƙwasa ba. Hukumar duniya digiri 15 kawai ta yafe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka makonni biyun farko babu gudu sam. Yaro ya tsaya a gicciye, kafaɗarsa ta hagu na kallon turaku in na-dama ne, ƙafafu a buɗe. Manuniya da ɗan tsakiya a saman ƙwallo, babban yatsa a ƙasa, kada ta nutse cikin tafi. Ya ɗaga hannun hagu sama ya leƙa turaku ta bayansa, ya ja shi ƙasa da ƙarfi, hannun dama ya zagayo a miƙe ya goga kunne, ya saki a can ƙololuwa, hannun ya ƙarasa ta gefen cinyar hagu. Wanda gwiwarsa ta ƙi miƙewa, a naɗa masa kwali a gwiwar kamar hannun riga, a ɗaure da salatif, ya yi jifa ashirin a haka.

Ka shimfiɗa buhun siminti wofi taku uku ko huɗu a gaban layin mai bugu ya zama abin saiti. In ƙwallo na sauka kusa da ƙafar mai jifan, ya makara wajen saki ko kansa ya faɗi ƙasa. In tana wuce kan mai bugu, ya yi saurin saki. In kullum gefe ɗaya take bauɗewa, hannun hagu ne ke faɗuwa waje yana jan jiki. Sai ya sami buhun sau uku cikin shida sannan a ba shi taku uku, daga baya biyar, daga baya tara. A lokacin ne za ka kula da ƙafarsa ta gaba: dole wani ɓangarenta ya kasance a bayan layin mai bugu na ɓangarensa.

A nan darasin zane ke shiga fili. Ka ba kowane yaro gawayi da takarda, ɗaya ya tsaya a matakai huɗu na jifa, daƙiƙa 30 kowanne: tara jiki, saukar ƙafar baya, sakin ƙwallo, ƙarasawa. Su zana da layi biyar ko shida kawai, layin kafaɗu, layin ƙugu, kashin baya, hannaye. Yaron da ya zana hannu a miƙe kusa da kunne sau goma ya fi saurin gane nasa kuskuren, kuma zai fara gyara wa abokinsa. Mafi kyau a cikin zanen a fitar da shi babba a bangon da ke kallon fili.

Bugu da gudu

Na-dama hannun hagu ne a sama, dama a ƙasa, hannayen a haɗe a tsakiyar mariƙi, tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ta kowane hannu tana kallon bayan sanda. Ƙafafu faɗin kafaɗa, layin mai bugu a tsakaninsu, gwiwa a ɗan sake, idanu biyu a daidaice suna kallon hannun mai jifa. Cutar da za ka fi gani ita ce sharɓe, wato a wurga sanda a kwance kamar mai saran ciyawa. Sanda a kwance santimita 10 kawai take rufewa daga tsayin turke, a tsaye kuwa ta rufe shi duka. Maganinta a ɗora ƙwallo a kan murfin jarka, yaro ya taka ƙafar hagu kusa da ita, kansa a saman ƙwallon, gwiwar hannun hagu a sama, ya tura ta ta bi ƙasa tsakanin duwatsu biyu. In ƙwallon na tashi sama, hannun dama ne ya ƙwace iko, ko ya jingina baya.

Masu bugu biyu ne ke kan fage, ɗaya a kowane kai, suna musayar wuri da gudu. Kalma uku kaɗai ake kira tsakaninsu, da ƙarfi: "Zo!", "Tsaya!", "Jira!" Kowane gudu daga layi zuwa layi maki ɗaya ne, ƙwallon da ta kai iyaka ta ƙasa maki 4, wadda ta tsallake ta sama maki 6. Su saba da goga kan sanda a ƙasa tun taku biyu kafin layi.

Wasan farko

Cikakken wasa mutum 11 ne kowane ɓangare, kuma wanda aka fitar ya fita ke nan. Ga masu koyo wannan zalunci ne, yaro ya jira awa guda a fitar da shi a jifan farko. A yi na bibbiyu: mutum 8 kowane ɓangare, kowane biyu su yi bugu na oba 2, oba kuwa jifa 6 ce, kowane mai tsaron fili ya jefa oba ɗaya. Kowace ƙungiya ta fara da maki 200, duk fitarwa a cire 5 masu bugun su yi musayar wuri su ci gaba. Jifan da ya bauɗe ko na laifi a ba masu bugu maki 2 ba tare da an sake ba, in ba haka ba magariba za ta same ku a oba ta uku. Oba 16 kusan awa ɗaya ce. A zangon farko hanyoyin fitarwa huɗu sun isa: ƙwallo ta kaɗe turaku, a cafe ta a sama, a kaɗe turaku mai gudu bai shiga layi ba, ko mai bugu ya kaɗe nasa da kansa. Dokar tare turaku da ƙafa a bar ta sai ido ya buɗe. Aji mai yara sittin a raba shi, ƙungiya biyu masu mutum 8 na wasa, sauran wasu na cafe-cafe a gefe, wasu na rubuta maki.

Wasan ya dace da 'yan mata ƙwarai, tunda babu gogayyar jiki kuma dogon wando da riga mai dogon hannu su ne kayansa na asali. Hijabi dai ya zama gajere ko a cusa shi cikin riga don kada ya harɗe hannun jifa, kuma a sami malama ta jagorance su.

Rubutun maki yana da alamominsa da duniya ta sani: ɗigo ga jifan da ba a ci komai ba, lamba ga makin da aka ci, harafin W ga fitarwa, gicciye ga jifan da ya bauɗe, da'ira ga jifan laifi. A sa wani yaro ya zana da'irar fili, ya riƙa jan layi daga tsakiya zuwa inda kowane bugu ya tafi. Bayan wasa mai bugun zai ga da idonsa cewa duk layukansa gefe ɗaya suka nufa. Allon maki kuwa falle ɗaya na filawud da baƙin fenti marar sheƙi, lambobi farare a kan yankakken kwano da ake ratayawa a ƙusa, tsayin kowace lamba santimita 25 zuwa 30 don a karanta daga ɗaya bakin fili. Fenti mai sheƙi yana mayar da hasken rana lambobin su ɓace.

Ranar da za a koma ƙwallon fata, bayan zango biyu ko uku, sai an tanadi hular kwano mai shingen fuska, kariyar ƙwauri, safar hannu mai kauri da kariyar mara ga mai bugu da mai tsaron bayan turaku. Kada yaro ɗan 13 ko ƙasa ya tsaya kusa da mai bugu ƙasa da mita 10 ta gabansa. Mai jifa da gudu a wannan shekarun kada ya wuce oba 5 a jere ko 10 a yini, domin ƙashin bayansa bai gama ƙwari ba, kuma ciwon baya na irin wannan jifa a hankali yake shiga. Duk wanda ya ce bayansa na ciwo a gefe ɗaya bayan jifa, a dakatar da shi a kai shi asibiti a duba. Idan ƙungiyar ta kai wannan matsayi, ka rubuta wa Hukumar Kurket ta Najeriya da hukumar wasanni ta jiha, ka haɗa da sunan makaranta, yawan yara maza da mata, shekarunsu, da hotunan fage da allon maki, ka nemi horon masu koyarwa da makarantar da za ku kara da ita.